Damo Ya Rasa Rami

Cikin dukan halittun da Allah ya zuba a ƙasar nan babu wanda Bahaushe ya yi wa shaidar haƙuri kamar damo. Sarkin haƙuri a ke ce masa, domin ko an tsokane shi ba ya cika yin faɗa, iyakacinsa ya kumbura, ya yi huci, ya kaɗa wutsiya, ya nemi raminsa. To, yau muna so mu yi magana a madadinsa, tun da shi ba shi da wakili a majalisa, ba ya kuwa kai ƙara gaban alkali. Maganar ita ce, a ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi, da sauran garuruwan tsakiyar Jihar Katsina, wuraren da damo da 'yan'uwansa su ke zaune suna ƙarewa, kuma abin da ke cinye su shi ne aikin da dukanmu mu ke murna da shi, watau gine-gine da hanyoyi da faɗaɗa gonaki.

Watakila wani mai karatu zai ce, ashe jaridar nan ta rasa abin faɗi ne? Ga 'yan bindiga sun hana mutanen yammacin Katsina barci, ga tsadar abinci, sa'an nan a ɗauko mana zancen ƙadangaru? Ba mu raina wannan tambaya ba. Ran mutum guda ya fi damon duniya duka. Amma zancen damo zancen ƙasa ne, rabon ƙasa kuwa ba ya jiran a sami lafiya. Hasali ma rashin lafiyar ya ƙara masa sauri, domin mutanen ƙauyukan da a ka tasa garuruwa su ke nufa, kowa kuwa na bukatar wurin da zai sa haƙarƙarinsa. Filin da a ka yanka bana an yanka ke nan, dutsen da a ka fasa kuwa ba mai sake dasa shi.

Bari mu fara da bambanta su, don mutanen birni da yawa sun fara mancewa. Damo na tudu ne, gajere, kakkaura, mai faɗin kai, tsawonsa ba ya cika wuce ƙafa 3 ba. Guza na bakin ruwa ne, dogo, mai zane a jiki, ya kan kai ƙafa 6 har ya ɗara. Akwai hawainiya, wadda rayuwarta duka a kan reshe ta ke, da kulɓa mai sulɓi da ke bin ƙarƙashin ganye da duwatsu. Sai kuma ƙadangare, wanda shi kaɗai ne ya ci ribar zamani. Katangar bulo ta yi masa daidai, kwandon shara ya tara masa ƙwari, albarkacin kaza kuma yana shan ruwan kasko. Shi ne ya ke ruɗin mutane. Mutum ya ga jan gwada yana gyaɗa kai a bisa katangarsa, sai ya ɗauka dangin nan duka suna nan lafiya. Alhali kuwa ƙadangare ne kaɗai ya iya zaman gari. Sauran, in daji ya tafi, tare su ke tafiya.

Wanda ya san yadda damo ya ke cin shekararsa zai gane inda masifar ta ke. Da damina ya ke yawo, ya ci ya yi ƙiba. In kaka ta wuce, ƙasa ta bushe, sai ya shige rami, ko kogon itace, ko tsohon suri, ko tsagar dutse, ya kwanta wata da watanni ba ci, yana rayuwa da kitsen da ya tara. Macen kuma a ƙarshen damina ta ke haƙa rami ta zuba ƙwai, wani lokaci su haura 20, ta rufe ta tafi. Ƙwan nan zai shafe watanni cikin ƙasa, sai gab da damina ko farkonta 'ya'yan su fito, daidai lokacin da ƙwari su ka yawaita. Guza kuwa, masana sun daɗe da shaida cewa ta kan fasa suri mai rai ta sa ƙwanta ciki, gara ta liƙe wurin, ɗumin surin da laimarsa su yi mata kwanci. To, yaushe ne a ke share fili? Da rani. Yaushe katafila ta ke shiga daji ta baje suri, ta ture kututture, ta cike ramuka? Da rani. Watau daidai sa'ad da uwa ke kwance ba ta da ƙarfin gudu, ƙwai kuma na cikin ƙasa. Maharbi guda ya ke kashewa ya tafi gida. Katafila kuwa a yini ɗaya ta kan binne na bana da na baɗi, mai tuƙa ta bai ma san ya yi ba.

Me manomi zai rasa in damo ya tafi? Masana da su ka bi damo a ƙasashen Gana da Senegal su ka duba abin da ya ke ci sun tarar mafi yawansa gyare ne, da fara, da ƙadandoniya, da kunama, da buzuzu da tsutsarsa, da katantanwa. Duk wanda ya taɓa shuka gyaɗa ko gero ya san ɓarnar da ƙadandoniya ke yi wa iri da tsiro, ya kuma san yadda gyare ke yanke shuka da dare. Ashe damo ɗan ƙodago ne wanda ba a biyansa, ba a kai masa fura. In ya tafi, aikinsa bai tafi ba, sai dai ya koma kan aljihun manomi, ya sayi maganin feshi. Maganin kuma ba ya tambaya, ya kashe mai ɓarna ya kashe abincin sauran damon da ya rage. Ba mu manta da masu sana'a ba. Da fatar guza a ke rufe ƙoƙon goge, dukawa kuma sun san darajarta wajen jaka da takalmi. Naman damo ma akwai masu cinsa tun kaka da kakanni.

Tun da mun taɓo maganar ci, akwai wani abu da ya kamata a sani. Dabbar nan ta hamadar Larabawa da a ka ambata a hadisi, wadda Halidu ɗan Walidu ya ci a gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi bai ci ba bai kuwa hana ba, malamanmu da damo su kan fassara ta. A wajen masana halittu kuwa dangi biyu ne. Na Larabawa mai ƙayar wutsiya ne, ganye ya ke ci, kuma yana da ɗan'uwa a duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar. Namu mai cin ƙwari ne. Hukuncin cinsu mun bar wa malamai, su ne masu shi. Abin da ya sa mu ka kawo zancen shi ne, wancan na Larabawa, duk da faɗin hamadarsu, yau yana cikin jerin halittun da ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya ta ce suna fuskantar hatsari, sabo da farauta da gine-gine da kwasar tsakuwa da yawan kiwo, har hukumar Saudiyya ta sa tara a kan mai farautarsa. In hamada ta yi wa mazauninta kaɗan, ina ga ƙasar da kowane taku nata yana da mai shi?

Gaskiya ce, a lissafin ƙungiyar nan damonmu bai kusa ƙarewa daga duniya ba, domin yana nan tun daga Senegal har Sudan. Ba za mu ƙara gishiri ba. Amma damon da ke Sudan ba zai ci wa manomin Rawayau gyare ba. Halitta ta kan ƙare a gari guda, sa'an nan a gunduma guda, tun ba a rubuta sunanta a wani littafi a Turai ba.

Mu dubi yadda ƙasar ta sāke. A ƙidayar 1952 Lardin Katsina duka, har da Daura, mutum kimanin miliyan ɗaya da rabi ne. A ƙidayar 2006 wannan ƙasa ɗin dai, wadda ta zama jiha a 1987, ta kai miliyan 5.8. Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma kaɗai ta tashi da kusan mutum 170,000, ta Kurfi da kimanin 117,000, kuma tun daga lokacin ba raguwa a ka yi ba. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba. A zamanin iyayenmu manomi ya kan bar gona ta huta, ta zama saura, sabara da geza da kalgo su rufe ta, suri ya tashi, damo ya sami gida. Yau wa ke da gonar da zai bari? Iyakar gona da a ke yi da gamba mai kauri ta zama siririn layi. Burtali ya tsuke, abin da ke haddasa rigimar manomi da makiyayi ke nan, ba damo kaɗai ya shafa ba. Tsofaffin itatuwa masu kogo sun tafi a buhun gawayi.

Sa'an nan ga manyan ayyuka. An gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaɗuwa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Ruwan ya shanye fadamu da tudun da ke kewaye, ko da ya ke guza kam ya sami wurin iyo. Abin da ya kamata a tuna game da Zobe shi ne, an yi hanzarin karɓar ƙasar, amma an yi shekaru da yawa ruwan na kwance ba a ci moriyarsa yadda a ka tsara ba, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe aikin kai ruwan sha daga can. Wannan hali na share wuri tun ba a shirya amfani da shi ba yana nan tare da mu. Ko'ina a bayan garuruwanmu za ka ga fili an baje shi ƙwal, an kafa duwatsun awo, shekara biyar babu ko tubali ɗaya, iska na kwashe ƙasar. Da an bar shi da sabararsa har ranar da za a yi ginin, da ba wanda ya yi asara.

A 2011 a ka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita. Babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da wannan, mu ma muna cikin masu godiya. Amma jami'a ba ta zuwa ita kaɗai. Tana tafe da ɗakunan haya na ɗalibai, da gidajen malamai, da shaguna, da gidajen mai, kowane ɗaya kuwa yana bukatar abu uku: fili, yashi, tsakuwa. Fili daga daji a ke yanka shi. Yashi daga cikin rafi tifa ke ɗebo shi, in an ƙwaƙule gindin gaɓa kuwa sai ta rufta da ramukan da ke jikinta da itatuwan da ke riƙe da ita. Tsakuwa daga dutse a ke fasa ta.

A kan dutsen nan mu ke so mu daɗe. Ƙasar da ta tashi daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma ƙasar duwatsu ce, manyan curi-curi da falale, sun taso tsakiyar gonaki. Garin Dutsin-Ma kansa daga dutse ya sami sunansa, bisa ga labarin da a ke bayarwa na wani maharbi mai suna Ma da ya zauna a wurin. Duwatsun nan garma ba ta hawansu, don haka su ne mafakar ƙarshe. Da gona ta cinye daji, abin da ya tsira can ya gudu. A tsagoginsu akwai sanyi da rana, akwai ɗumi da hunturu, ruwan sama ya kan taru a kwarminsu, a gindinsu kuma ƙasa ta fi laima, shi ya sa za ka ga itatuwan da su ka ɓace a fili suna nan tsaye a wurin. Ruwan da ya gangaro daga dutse shi ke shiga ƙasa ya tarar da rijiyoyin da ke kusa. Mai nakiya in ya zo, ba dutse kaɗai ya ke sayarwa a tifa ba, har da wannan duka. Itace in an sare a kan dasa wani, jikoki su sha inuwa. Dutse fa? Ba mu ce kada a fasa ko ɗaya ba, hanya ba ta yiwuwa sai da tsakuwa. Cewa mu ka yi a zaɓa. A ce wannan na fasawa ne, wancan kuwa ko nawa za a biya ba a taɓa shi, a rubuta, a sa hannu, kowa ya sani.

Wani zai ce ai akwai doka. Akwai kuwa, har da yawa. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Dokar Namun Daji a 1963. Nijeriya na cikin yarjejeniyar duniya ta 1973 mai lura da cinikin halittun da a ke tsoron ƙarewarsu, damo da guza duka suna cikin jerinta, an kuma yi dokar ƙasa a kan wannan ciniki a 1985. Amma waɗannan duk maganar kisa da fatauci su ke yi. Suna kama mai ɗauke da fata a bakin iyaka, ba su da abin cewa ga wanda ya baje gidan mai fatar. Wadda ta taɓo wurin zama ita ce dokar 1992, da ta wajabta a auna illar babban aiki ga ƙasa da ruwa da halittu kafin a fara shi. Ita ma manyan ayyuka ta fi kamawa. Rukunin gidaje, alal misali, sai ya kai hekta 50 ya ke shiga jerin waɗanda awon ya zama tilas a kansu. Dajinmu kuwa ba hekta hamsin-hamsin ya ke tafiya ba. Fuloti-fuloti ya ke tafiya, kowane ɗaya ya yi ƙanƙanta a ce ya yi laifi, sai an waiga a ga babu komai.

Sabo da haka maganin ba a Abuja ya ke ba. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun Gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin riƙonsu. Alƙalamin da ke yanka fuloti shi ne ke da ikon ya ce nan ba a yankawa.

Wasu ƙasashe sun riga mu shiga wannan matsala, yana da kyau mu ga yadda su ka yi. A Amurka, cikin Jihar Kalifoniya, akwai wani kwari mai rairayi da a ke kira Coachella, inda wani ɗan ƙadangare ke zaune wanda ba a samunsa ko'ina a duniya sai can, yana nutsewa cikin rairayi kamar kifi a ruwa. Gidaje da otal-otal su ka cinye yawancin rairayin, har a 1980 Gwamnatinsu ta sa shi cikin halittun da doka ta tsare. Magina su ka tashi da faɗa, masu kare halittu su ka tashi da nasu. A 1986 a ka daidaita a kan cewa duk mai son yin gini a yankin zai biya wani kuɗi a kan kowace eka, a haɗa da wasu kuɗaɗen a sayi fili a keɓe wa ƙadangaren. Garuruwan su ka ci gaba da girma, shi kuma yana nan har yau. A 2024 kuma hukumarsu ta sa wani ɗan'uwansa na rairayin Texas da New Mexico cikin jerin masu hatsarin ƙarewa, sabo da haƙar mai da kwasar yashi, a ka yi ta shari'a a kai. Na farko an zauna an yi ciniki tun da sauran abin rabawa. Na biyu an yi ta jan ƙafa shekara da shekaru.

Ba sai mun je Amurka ba ma. 'Yan'uwanmu Katsinawan Maraɗi, bayan farin shekarun 1980, sun koma ga abin da su ke kira sassaben zamani, watau in kututture ya yi toho a gona ba a ƙone shi, sai a rage rassan a bar biyu ko uku su girma. Da wannan dabara miliyoyin hekta su ka sake yin itatuwa a jihohin Maraɗi da Damagaram. A nan gida an yi aikin dashen itatuwa da taimakon Tarayyar Turai tun daga 1987, ga kuma shirin Babbar Ganuwar Itatuwa wanda Katsina ke cikin jihohinsa 11. Mun yaba. Sai dai layin bedi da turare, ƙasansa a share tas, yana tare iska amma ba ya zama daji. Daji sai da sabara da ciyawa da ruɓaɓɓen kututture da suri, abubuwan da ma'aikaci mai son a ga tsabtar aikinsa ya kan fara kawarwa.

'Yan farauta kuwa, ba su ne tushen abin ba, kada a ɗora musu laifin da ba nasu ba. Shekaru aru-aru suna farauta damo bai ƙare ba, domin dajin na da faɗi. Amma yanzu da abin ya koma 'yan tsibirai, gayya ɗaya da karnuka da wuta ta isa ta share dutse guda ƙaƙaf, babu kuma wani daji kusa da zai sake aiko masa da iri. Sarakunan dawa sun fi kowa sanin wannan, kuma in an kira su an yi shawara da su, su ne za su fi kowa iya tsare wurin.

Ga abin da mu ke roƙo. Jami'ar Dutsin-Ma tana da malamai da ɗalibai masu nazarin gandun daji da namun daji, tana kuma da fili mai yawa. Ta fara da kanta: ta keɓe wani yanki na filinta ta bar shi yadda Allah ya yi shi, ta kuma tura ɗalibanta, inda hanya ke da lafiya, su bi duwatsu da rafukan ƙananan hukumomin nan biyu da damina su rubuta abin da ke zaune a kowanne. Da wannan takarda a hannu, ma'aikatar filaye da ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su zauna da Yandakan Katsina da Maraɗin Katsina, da dagatai da masu unguwanni, waɗanda su ka san kowane dutse da sunansa, a fitar da waɗanda ba za a fasa ba, a kuma bar wa kowane rafi 'yar tazara a gaɓarsa wadda ba a yanka fuloti, ba a ɗibar yashi. Wanda a ka ba izinin fasa dutse ko ɗibar yashi, a ware wani abu daga harajin da ya ke biya don tsaron wuraren da a ka keɓe. Wanda ya sami fuloti kuma kada ya baje shi sai ya tashi gini. Muna fata Mai Martaba Sarkin Katsina zai sa baki, domin a karkara maganar hakimi ta fi allon sanarwa nisa. A yi wannan zama kafin kaka ta wuce, tun katafila ba ta koma daji ba.